Yadda Ake Ratsa Fadamar Rima a Kan Keke

Wanda duk ya taɓa tsayawa a kan gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da sanyin safiyar Janairu ya san abin da ke jan mutum ya gangara ƙasa. Hazo ya rufe gulbi, injinan ban-ruwa sun fara tari ɗaya bayan ɗaya, ƙanshin albasa da jiƙaƙƙiyar laka na tasowa, ga 'yan siraran hanyoyi sun rabu da kwalta sun nutse cikin kore. Na yi shekaru ina wuce su a mota. Ranar da na fara bin ɗaya a keke, da la'asar na shigo gida ina turawa, tayoyin duka biyu a sace, leɓena ya tsattsage, matar gida na tambaya ko daga yaƙi nake. Ba ƙarfin ƙafa na rasa ba a ranar. Ƙasar ce ban sani ba, kuma ban tambayi masu ita ba.

To bari mu fara daga ƙasar.

Sakkwato a kan tudu take, gulabe biyu suka haɗu a gindinta. Gulbin Rima ya gangaro daga arewa maso gabas ta Sabon Birni da Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato kuwa tun daga wajen Funtuwa ya taso, ya biyo ta Gusau da madatsar Bakolori. Da suka haɗu sai ruwan ya nufi Wamakko da Silame, ya karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa kogin Kwara. Abin da ya shafi mai keke a nan shi ne ƙasa iri uku da zai taka a kusan kowace fita. Akwai jan burji da marmara na kan tudu, inda keke ke gudu amma yana kaɗa haƙora. Akwai baƙar lakar fadama, wadda in ta bushe aka tattake ta sai ka ce daɓe, in kuma ta jiƙe ta zama danƙo. Sannan a tsakaninsu, daidai inda tudu ke gangarowa, akwai yashi. Yashin nan shi ke kayar da baƙo.

Hanyar fadama ba ta shekara biyu a wuri ɗaya. Ruwa yakan shafe ta da damina, da kaka manoma da jakuna da 'yan kabu-kabu su fitar da sabuwa daidai da inda aka yanka fangali a bana. Saboda haka taswirar waya tana da amfani wajen ganin inda gulbi ya lanƙwasa da inda ƙauyuka suke, amma kada ka ba ta amanar ƙafarka. Hanyar bana tana bakin wanda ya bi ta da asubar yau.

Mataki na farko: zaɓi wata, zaɓi sa'a

Daga Yuni zuwa Satumba ka manta da fadama. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Agusta, gulbi kuma yakan ci gaba da cika har bayan an ɗauke. Mutanen gari ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar jami'a. Oktoba ma laka ce. A Nuwamba ƙasa na tsotsewa, sai dai sawun shanun da suka bi ta tana danye yakan ƙafe ya zama ramuka-ramuka, ka yi kilomita biyu ka ji kamar an daka ka a turmi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin: ƙasa ta daddale, rana da sauƙi, fadama cike da mutane, wanda shi kansa kariya ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. In dole sai ka fita, to ka fita bayan sallar asuba ka kasance a inuwar gidanka kafin ƙarfe 10.

A tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, don haka tashi da 6:30 ya isa, ka ci kwaltar cikin gari kafin motoci su farka. Ka sa wa kanka doka guda: duk inda azahar ta same ka, kan keke ya riga ya juyo gida.

Sai iska, wadda yawancin sababbin shiga ba sa lissafawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kusan layi ɗaya da yadda Rima ya kwanta, kuma sai hantsi ya ɗaga take ƙarfi. In ka nufi Kware, wadda ke arewa da birni, da safe, kana tunkarar ta tun tana barci, ka dawo tana tura ka ta baya lokacin da ƙafa ta gaji. In kuwa Wamakko da ke yamma da birni ka nufa, abin ya juye. Za ka tafi kamar ana ja ka da igiya, ka ɗauka kai ne gwani, ka ƙara gaba, sannan ka juyo ka tarar da ita a fuska da ƙura da komai. Duk tafiyar da ta nufi yamma, ka juyo tun kana jin sauran ƙarfi da yawa.

Abu ɗaya kuma game da ruwa. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, tana sakin ruwa da rani saboda masu noman rani. Mashigin da ka ratsa makon jiya ruwa iya idon sawu, yau yana iya kai maka ƙugu ba tare da ɗigon ruwan sama ya sauka ba.

Mataki na biyu: maganar tsaro, ba kwana-kwana

Ba zan ɓoye wa kowa ba. Gabashin jihar nan, Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, ya sha fama da 'yan bindiga, haka ma Tangaza da Gudu ta arewa maso yamma suna da nasu tashin hankalin. Waɗannan wurare ba na yawon keke ba ne a yanzu, komai kyan hanyarsu. Abin da nake ba da shawara shi ne kewayen da ke kusa da birni, inda kana iya hango rufin kwano ko jin ƙarar mota a kan kwalta. Ko nan ɗin ma, daren da za ka fita ka kira wani da ke zaune a yankin ka ji yadda aka kwana. Direbobin tasha da masu kawo albasa kasuwa sun fi rediyo saurin labari.

Kada ka fita kai kaɗai. Mutum biyu zuwa huɗu ya fi. Taron mutum goma da hulunan kwano da baƙin tabarau yana tsorata ƙauye. Ka bar wa na gida sunan ƙauyukan da za ka bi da lokacin dawowa. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu. Kuma ka fahimci halin da mutanen karkara suke ciki: baƙon da ya tsaya a bakin gari yana latsa waya, yana ɗaukar hoton hanya, ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, kamannin infoma gare shi a idonsu, kuma ba za ka ga laifinsu ba. In 'yan sa-kai suka tare ka, sauka, cire tabarau, yi sallama, faɗi unguwarku da inda za ka. Yawanci da dariya ake rabuwa.

Mataki na uku: keken

Ana ta yayin keken burji na Turawa, mai lanƙwasasshen kai irin na tsere da taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45. Yana da daɗi a kan jan burji, ban musa ba. Amma a ganina, ga ƙasarmu mai yashi, keken hawan dutse na gwanjo mai taya inci 2 ya fi shi rufin asiri: ya fi arha, ya fi yafiya a yashi, kuma duk mai gyaran da ke gindin bishiya ya san cikinsa. Tsohon Raleigh ko Phoenix na kakanni ma yana zuwa, ai da shi ake ɗauko buhun albasa daga fadamar nan tun ba a haife mu ba. Illarsa rashin giya, sai ka yi ta sauka kana turawa. Wanda ba ya zuwa sam shi ne keken tsere mai taya kamar tsinke.

Ko wanne ka samu, kai shi wurin mai gyara kwana biyu kafin tafiya, ba da safiyar ba. A duba birki, a ɗaure wayoyin wili, a sa giris a boris, a tabbatar giya mafi sauƙi tana shiga ba gardama, don ita za ka fi nema. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda in dugaduginka na kan feda a ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Yawancinmu muna hawa da sirdi a ƙasa tun yarinta, shi ya sa gwiwa ke ciwo.

Iskar taya ita ce sirrin da ba a faɗa. Mai faci ya saba ɗura wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, don kwalta da kaya yake tunani. A burji da yashi wannan kuskure ne, keken zai riƙa tsalle yana nutsewa. Ga taya mai milimita 40, lamba 35 zuwa 40 (a ma'aunin PSI) a agogon famfo ta ishi matsakaicin mutum. Ga mai inci 2, wajen 28 zuwa 30. In ba agogo, danna da babban yatsa: ta ɗan lotsa kaɗan, amma in ka hau kada ta baje har rim ya kusa taɓa ƙasa.

Yanzu ƙaya, wadda ita ta mayar da ni gida a ƙasa ran farko. Tsaida ce babbar mugu, 'yar ƙwallon nan mai ƙahoni da ke kwance a gefen hanya. Sai ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ta gawo da ke zuba a gindin bishiya, wato daidai inda za ka so ka huta. Sai kuma shingen ƙaya da manoma ke kewaye lambu da shi, wanda iska ke jan rassansa zuwa kan hanya. Dabarar masu gyaran gargajiya har yau tana aiki: a tsaga tsohon tiyub a shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa sabon, ya zama riga biyu. Keken zai ɗan yi nauyi, amma ka huta. Masu taya marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan toshe huda, su sani zafinmu na busar da ruwan da wuri, a riƙa dubawa kafin kowace doguwar fita. Sannan ka bi tsakiyar sawun babura, kada ka ci gefe, kuma in za ka huta a gindin bagaruwa, ɗauki keken a kafaɗa ka shiga da shi.

Ka koyi faci da hannunka tun a tsakar gida. Fitar da tiyub, ɗura masa iska, zagaya shi kusa da leɓenka har ka ji inda take fita. Goge wurin da 'yar takardar yashi, shafa sholisho siriri, ka jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ka manna ka danne sosai. Gaggawar mannawa tun yana danye ita ke sa faci ya tashi. Kafin ka mayar, zagaya cikin tayar da tsumma a hankali ka nemo ƙayar. Ni ban yi haka ba a ranar, na mayar da tiyub a kan ƙayar da ta huda shi, sau uku, har faci ya ƙare.

Mataki na huɗu: guzuri

Tiyub biyu, famfo, kayan faci, sifana da makullan da suka dace da kusoshin kekenka, tsumma, 'yar igiyar roba. Ruwa lita 3 ga tafiyar awa huɗu a hunturu, da bazara kuwa ka lissafa kusan lita guda kowace awa. Ruwan leda rabin lita ne, ana samunsa a manyan ƙauyuka amma ba a cikin fadama ba. Gora ɗaya ka haɗa ta da cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa. Fura da nono kuwa za ka same ta a hanya, ka sha daidai, don cikakken ciki da feda ba sa shiri. Canji ƙanana, saboda mai fito da mai rake ba su da canjin dubu. Man kaɗanya a leɓe, rawani ko ƙyalle a hanci saboda ƙura, hular kwano a kai. Matsattsen wandon 'yan tsere kuma, in ka ga dama ka sa shi a ciki, amma ka ɗora dogon wando a sama. Garin mutane za ka ratsa, gaban dattawa da matan aure.

Mataki na biyar: hanyoyin

Ka fara da Kwalkwalawa, ƙauyen da ke bakin gulbi a kan hanyar jami'a. Bi hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka gangara fadama, ka bar kwalta ta ɗaya daga cikin hanyoyin da ke shiga lambuna, ka yi kewaye ta wajen Dundaye ka dawo kan kwaltar. Daɗinta shi ne ba ka taɓa nisa da titi, in abu ya lalace ka tura ka tari mai a-daidaita. Nan za ka koyi duk darasin fadama a taƙaice: laka, yashi, tiyo, shanu. Ka maimaita ta sau uku ko huɗu ta ɓangarori dabam-dabam kafin ka wuce gaba. A dawowa ka tsaya wurin masu kifi. Tarwaɗa a leda a rataye a kan keke tana saukar da fushin wadda ka bari da shara tun asuba.

Ta biyu Kware, kusan kilomita 20 a arewa kan hanyar Illela. Ka ci kwaltar da sassafe, ka manne gefe, don manyan motocin da ke zuwa iyakar Nijar ba sa ganin keke a matsayin abin hawa. Bayan ka haye gulbi sai ka nemi hanyar ƙauyuka da ke bin gefen fadama har tafkin Kware. Wannan ce na fi so, saboda tana da doguwar jan burji inda keke ke sakin jiki, ga iska a bayanka a dawowa.

Ta uku Wamakko, ta Kalambaina inda kamfanin siminti yake. Tirelolin siminti da ƙurarsu su ne jarrabawar farko, iskar dawowa ta biyu. Ladan shi ne gulbin ya fi faɗi a nan bayan haɗuwar ruwan biyu, kuma akwai masu fito. In za ka haye, ku gama ciniki kafin ka sa keken a jirgi, ka kwantar da shi ɓangaren giya na sama, ka zauna inda mai jirgi ya nuna maka, ka kuma tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi daga aiki. Kada zafi ya ruɗe ka ka faɗa kwantaccen ruwa wanka. Tsargiya a irinsa ake ɗauka.

Wurno kuwa, kilomita 40 da ɗoriya ta Achida, ita ce wadda zuciya ke so. Gari a kan tudu yana kallon fadamar shinkafa da tafarnuwa, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, inda kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1837. Amma tana bakin yankin da na ce a kiyaya. Ni dai na jingine ta. Wanda ke da ɗan'uwa a can, ya kuma tabbatar masa da lafiya a ranar, ya sa keke a mota ya je, su zaga kusa da gari tare da rana tsaka, ya kamo hanya kafin la'asar.

Mataki na shida: yadda ake tuƙin

In ka hango yashi, sauya giya zuwa mai sauƙi tun kafin ka shiga. Ja mazaunanka baya a sirdi, sassauta riƙon kai, kalli inda kake son fita can gaba, ka yi ta juya feda ba tsayawa. Kada ka taɓa birkin gaba, kada ka murɗa kai da ƙarfi. Bar tayar ta ɗan yi rawarta. In ta nutse, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne, har masu babur ƙafa suke sawa. A kan burji mai tsakuwa, ɗan ɗaga daga sirdi ka bar gwiwa da gwiwar hannu su sha girgizar, ka rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Laka mai sheƙi kuwa, ko taku uku ce, ɗauki keken. Tana cushewa tsakanin taya da ƙarfe har wili ya ƙi juyawa, ka ɓata rabin awa kana ƙwaƙula da kara.

Tiyon ban-ruwa da aka gitta a hanya dukiyar wani ce, a ɗaga keke a tsallake. Haka shanyar tattasai ko shinkafa. Garken shanu in ya taho, tsaya gefe ka sauka, kada ka buga ƙararrawa. Raƙumi ya fi saniya tsoron keke, ka ba shi fili sosai, musamman in da kaya a bayansa. Karen ruga in ya biyo ka, kada ka yi tsere da shi; sauka ka sa keken tsakaninku har mai shi ya kira shi.

Tambayar hanya ma tana da yadda ake yinta. Ba a tambaya daga kan sirdi. Wata safiya a bayan Dundaye na tarar da wani dattijo yana gyaran bakin fangali, na sauka na gaishe shi har ya gama amsawa, na yi masa barka da aiki.

"Yaro, ina zaka da wanga dokin ƙarhe?"

"Baba, titin jami'a nake son fita."

"Kak ka bi nan, an sako ruwa shekaranjiya. Koma ka bi gindin giginyar can, in ka ishe masu albasa ka tambaye su."

Taswirar wayata ta nuna hanya sak ta inda ya hana ni. Na bi maganarsa, daga kan tudu na hango wurin ya zama tafki. Ka lura kuma bai ba ni hanyar duka ba, ya miƙa ni ga na gaba ne, kuma haka ake tafiyar fadama, daga baki zuwa baki. Kada ka tambayi kilomita, ba da ita ake awo ba, kuma "nan kusa ne" na iya zama awa guda. Tambayi sunan ƙauye na gaba, ko akwai ruwa a tsakani, ko babur ya bi ta yau. In za ku yada zango a gari ku ci abinci ko ku yi salla, a fara gaida mai gari. Hoto kuma sai da izini, na mata kuwa a bar shi kawai.

Ka riƙa sauraron jikinka. Ciwon kai, jiri, tsigar jiki na tashi cikin rana, ko gumi ya ɗauke: nemi inuwa nan take, jiƙa rawani ka ɗora a wuya, kurɓi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tafiyar ranar ta ƙare. A nemi mai babur ya fitar da kai titi, abokin tafiya ya taho da keken.

Da ka iso gida, kafin ka zauna, juya tayoyin ka cire duk ƙayar da ta maƙale tun ba ta ƙarasa shiga ba. Goge sarƙa da busasshen tsumma, ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, ka sake gogewa har ta daina maiƙo a waje. Baƙin man inji da ake lafta mata a bakin titi ƙura yake kamawa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa yana cin haƙoran giya. Kada ka kai keken wurin wankin mota a feshe shi da injin, ruwan na kutsawa cikin boris ya wanke giris. Bokiti da soso sun isa. Sannan ka rubuta a ɗan littafi ƙauyukan da ka bi, inda yashi yake, inda aka ce akwai ruwa, ka sa kwanan wata a sama, don baɗi in ruwa ya janye sai ka sake tambaya daga Kwalkwalawa.